Komawa tuƙin kwale-kwalen mutum shida bayan hutun hunturu: ta ina za a fara?

Tambaya: Ina zaune a Vancouver ta ƙasar Kanada. Bara na shiga wani kulob na tuƙin kwale-kwalen Hawai, irin mai mutum shida da ake ɗaura wa wani dogon abu mai iyo a gefen hagu don kada ya kife. Mun ajiye filafili tun farkon Nuwamba saboda sanyi, yanzu an ce za a dawo ruwa a watan Maris. Wata huɗu ke nan ban yi wani motsa jiki na kirki ba. Yaya zan koma ba tare da na ji wa kaina ciwo ko na zame wa abokan tuƙi kaya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, da jirgin mutum ɗaya kake tuƙawa, da abin ya zo da sauƙi, domin in ka gaji sai ka sassauta, ba mai tambayarka dalili. Jirgin mutum shida ba ya ba ka wannan damar. Na kujera ta ɗaya ne ke tsara gudun, ku biyar kuna biye, kuma kunya ba za ta bar ka ka ajiye filafili a tsakiyar teku ba ko da kafaɗarka tana ci da wuta. Tunda ba kai ke da iko da nauyin aikin da zai hau kanka ba, dole a tsara dawowar tun kuna kan tudu, kai da koci da kyaftin, wato mai juya akalar jirgi a kujera ta shida. A fara da tsaro, a bi da daidaita bugu, wato jan filafili a ruwa, sai tsawaita zango, ƙarfi kuma shi ne na ƙarshe. Sau da yawa raunin farkon kakar wasa daga juya wannan jeri yake fitowa.

Numfashi shi ne farkon abin da ke tafiya. A wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a 1984, 'yan wasan da suka daina atisaye sun rasa kimanin kashi 7 cikin ɗari na iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa a cikin kwana 21, asarar kuma ta kai kashi 16 cikin ɗari bayan wajen wata biyu. Wannan ba abin tsoro ba ne, domin numfashi yana dawowa cikin 'yan makonni. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hannu bai manta ba. Ranar farko za ka ji bugun yana nan yadda ka bar shi, zuciyarka kuma tana tuna ƙarfin da kake da shi a Oktoba. Amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, na kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, jini kaɗan ke ratsa su, don haka sun fi tsoka jinkirin sabawa da aiki. Tsoka ta ce ta shirya, jijiya ba ta shirya ba. Shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana a fita ta farko. Sai mako na biyu ko na uku, lokacin da kowa ya fara jin daɗin jikinsa ya ƙara wuta.

In akwai sauran mako biyu ko uku kafin ranar dawowa, kada ka bari su wuce a banza. Sau uku a mako ka yi minti 30 zuwa 40 na sassarfa, keke ko iyo, da gudun da za ka iya magana a cikinsa. Sau biyu a mako ka yi aikin baya da kafaɗa: ka ɗaura robar motsa jiki a ƙofa, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka ja robar zuwa waje sau 15, ka maimaita sau uku kowane hannu. Ka ƙara da jan nauyi zuwa ciki kana sunkuye, da dogara jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na daƙiƙa 30 zuwa 45, ta gaba da ta kowane gefe. Kada ka fi mayar da hankali ga tura nauyi daga ƙirji. Mai tuƙi dama kafaɗunsa sun saba tanƙwarowa gaba, zaman kujerar ofis na wata huɗu kuma ya ƙara musu. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga ko wata matsalar zuciya, ya ga likita kafin ya shiga ruwan sanyi. Dalilin zai zo nan gaba.

Shi ma jirgin ya yi hunturu. Kwale-kwalen tsere na ƙa'idar Hawai tsawonsa wajen ƙafa 45 ne, nauyinsa fam 400, wato kimanin kilo 180. Ba a kan ruwa kaɗai ake ɓalla ƙugu ba, da yawa wajen ɗaga jirgi suke jin ciwo, jiki bai ɗumama ba, mutum huɗu sun ce za su iya. Ku jira hannu ya cika, mutum ɗaya ya ƙirga, a ɗaga da ƙafa, baya a miƙe. Sannan a duba shi daga kai zuwa wutsiya. Abin nan mai iyo na gefen hagu sunansa ama, sanduna biyu masu lanƙwasa da suka haɗa shi da jirgin kuma iako. A ɗaga ama a girgiza. In an ji ruwa yana motsi a ciki, akwai tsaga, kuma ama mai ruwa yana nutsewa ya ja jirgin zuwa hagu. Ruwan da ya daskare a cikin ƙaramar tsaga yana faɗaɗa ta, don haka wurin da bara ba a damu da shi ba bana sai an sake dubawa. Iako na katako a nemi inda ya yi baƙi ko ya fara rabuwa, musamman ƙarƙashin ɗauri inda danshi ke kwana. Ɗaurin kansa, ko na igiya ne ko na roba, ra'ayina a kwance shi gaba ɗaya a sake sabo. Roba tana tsattsagewa daga ciki, ido ba ya gani sai an miƙar da ita. Bayan an ɗaure, mutum ya kama ama ya jijjiga sama da ƙasa. Jirgin duka ya kamata ya motsa tare da shi. In iako yana wasa shi kaɗai a mazauninsa, ba a gama ba. A farkon kaka gara a ɗaura ama nesa da jirgi kaɗan, a kan alamar da kulob ke amfani da ita ga sababbi. Zai ɗan rage gudu, amma ba gudu ake nema yanzu ba.

Kayan cikin jirgi kuwa: rigar ceto ga kowane mutum, bokitin kwarfe ruwa aƙalla biyu a ɗaure yadda ja ɗaya zai kwance su, filafili na ko-ta-kwana, usur, igiyar ja, fitila in duhu zai iya riskar ku, da rediyon ruwa mai caji ko waya a jakar da ruwa ba ya shiga. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. Naka filafilin ka shafa bakinsa da yatsa ka ji ko ya tsage, ka murɗa mariƙin sama ka ji ko ya saki.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurin da kake. A watan Maris rana za ta iya fitowa a Vancouver har mutum ya cire rigar sanyi, amma ruwan tekun bai kai digiri 10 na ma'aunin Celsius ba. Ruwa yana jinkirin ɗumama, ƙarshen hunturu kuma shi ne lokacin da ya fi sanyi a shekara. Ruwan da ke ƙasa da digiri 15 in ya taɓa fata ba zato, jiki yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son mutum ba, numfashi ya riƙa fita sama-sama, bugun zuciya da hawan jini su tashi lokaci guda. In kai yana cikin ruwa a lokacin wannan jan numfashin, ruwa ne zai shiga. Gwanin iyo ma yana nutsewa ta wannan hanya. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin a lamba uku, 1-10-1: minti 1 na shawo kan numfashi, kimanin minti 10 da hannu da ƙafa ke iya yin aiki mai amfani kafin sanyi ya kashe su, da kimanin awa 1 kafin mutum ya suma. Lambar tsakiya ita ce ta masu kwale-kwale. Duk aikin tayar da jirgi, hawa da kwarfe ruwa, aikin yatsu ne, kuma minti goman nan ne kawai kuke da su. Saboda haka rigar ceto a jiki take zama, a ɗaure. Wadda ke ƙarƙashin kujera ba ta da amfani, domin sa ta a cikin ruwa da yatsun da suka sandare abu ne mai matuƙar wuya. Tufafi kuma a sa su don ruwan, ba don iskar ba: rigar roba ta masu nutso ko makamanciyarta, takalmin roba, hula. Auduga ba ta da wuri a nan, tana riƙe ruwa ta zuƙe zafin jiki. A ajiye busassun kaya da shayi mai zafi a mota.

Kifewar jirgi, wadda masu wasan ke kira huli, kusan kullum ta dama take zuwa: nauyi ya karkata dama, ama ya tashi sama, ya zagayo ta kanku. Bayan hutu ta fi saurin faruwa, domin jiki ya manta da sauraron ama. Wani ya juya ta dama don ya yi magana da na bayansa, wani ya miƙa hannu ya ɗauko gorar ruwa, shi ke nan. Dokar ɗaya ce: in jirgi ya tsaya, ko ka ji wani abu bai yi maka ba, karkata hagu. Na kujera ta biyu da ta huɗu su ne ke kusa da iako, su ke da alhakin danne shi da zarar ama ya yi sauƙi.

Kafin fita ta farko, a tsaya a kan tudu a bi matakan huli da baki, kowa ya faɗi aikin kujerarsa. Rabon aikin ya bambanta daga kulob zuwa kulob, don haka bi na kulob ɗinku, amma ginshiƙinsa bai canzawa. Kana faɗawa ka kare ƙoƙon kanka da hannu, domin ama yana saukowa da nauyi. Ka kama jirgin, kada ka rabu da shi ko gaɓa tana kusa. Kyaftin ya sa a ƙirga daga ɗaya zuwa shida, kuma ba a taɓa komai sai an ji murya shida. Mutum ɗaya ya tattara filafilai, wani ya juya kan jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. Biyu su hau bayan jirgin daidai iako, su miƙa su kamo shi, wasu su tura ama sama daga ƙasa, a mirgino shi. Mai saurin kwarfa ya fara shiga ta gefen hagu, sauran su riƙe ama, sai bakin jirgi ya ɗago sosai sannan a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. In an yi gaggawar shiga duka, bakin jirgi zai koma ƙarƙashin ruwa, duk abin da aka kwarfe ya dawo. In an sa wa jirgin rufin tamfol mai zif, kowa ya gwada buɗe zif ɗinsa ido a rufe. Gwajin huli na gaske a cikin ruwa wajibi ne kowace kaka, amma a ruwan Maris sai da jirgin rakiya, kusa da gaɓa, kowa da kayan sanyi. In babu waɗannan, a jinkirta shi, a kuma taƙaita fita zuwa wurin da babu iska kuma gaɓa tana kusa.

To, an shiga ruwa. Mako biyun farko ba na ƙarfi ba ne, na haɗa hannu ne. Jirgin mutum shida da nauyin mutanensa ya haura rabin tan, kuma abin da ke sa shi sulɓi shi ne filafili shida su shiga ruwa lokaci guda, su ɗauki nauyi lokaci guda, su fita lokaci guda. Abin kamar lugude ne: in hannu ɗaya ya saɓa, kowa sai ya ji a jikinsa. Wanda ya riga shiga shi kaɗai ke ɗaukar nauyin jirgin na ɗan lokaci, kuma a nan kafaɗa ke lalacewa. Wanda ya makara kuwa ya zama birki. Kujera ta ɗaya, ta uku da ta biyar suna gefe ɗaya, ta biyu da ta huɗu suna ɗaya gefen. Idonka ya tsaya a kan hannun sama da kafaɗar wanda ke gabanka, kada ka kalli filafilinka.

Kurakuran da ke dawowa bayan hutu sanannu ne. Na farko lanƙwasa hannun ƙasa, wato ja da damtse maimakon juya ƙugu da gadon baya. Damtse ƙaramar tsoka ce, minti goma ta gaji, gwiwar hannu ta ɗauki sauran wahalar. Hannun ƙasa ya zauna kusan a miƙe, ƙafar gefen da kake tuƙi tana gaba tana tokare, juyawar ta taso daga ƙugu. Na biyu fara ja kafin bakin filafili ya nutse duka. Za ka ji ƙarar fantsama ka ga kumfa, alamar iska kake ja ba ruwa ba. Nutsar da shi tukuna, sannan ka ɗora nauyi. Na uku wuce ƙugu da filafili. Da zarar ya wuce nan, fuskarsa ta koma kallon sama, ruwa kake ɗagawa, jirgin kuma kana danna shi ƙasa. Fitar da shi tsakanin tsakiyar cinya da ƙugu. Na huɗu damƙe sanda kamar za a ƙwace maka. Wannan ke kawo bororo da ciwon wuyan hannu, kuma sanyi yana ƙara shi domin yatsu ba sa jin abin da suka riƙe. Na biyar garajen komawa gaba. Lokacin da filafili ke sama shi ne lokacin da jirgi ke cin moriyar bugun, in ka faɗa gaba da sauri ka tsayar da shi.

Sauya gefe ma yana tsatsa. Akan sauya bayan bugu 12 zuwa 15: mai kira, galibi na kujera ta uku, ya ce "hut", a ƙara bugu ɗaya cikakke, sannan a sauya. Bugun ƙarshe kafin sauyi da na farko bayansa su ne ke lalacewa, jirgi ya yi sanyi a kowane sauyi. Koci nagari zai ba da lokaci a kan wannan kaɗai. Atisaye biyu suna gyara hannu da sauri: dakatawa ta daƙiƙa ɗaya a gaba kafin kowa ya nutsar tare, da tuƙi ido a rufe na bugu 20 a ruwa kwantacce, kyaftin kaɗai ke kallo. Na biyun yana tilasta wa mutum jin jirgin ta kujera da tafin ƙafa.

Ga yadda zan raba makonnin. Mako na ɗaya da na biyu, fita biyu ko uku a mako, minti 45 zuwa 60, da hutun kwana ɗaya tsakani, bugu 55 zuwa 60 a minti, a yanka shi gida-gida na minti 8 zuwa 10 da hutun minti 2. Ma'aunin shi ne ka iya faɗin jimla cikakkiya kana tuƙi. Mako na uku da na huɗu a kai fita ɗaya zuwa minti 75 ko 90, a wata fitar kuma a sa gida huɗu na minti 5 da ɗan ƙarfi. Kada a ƙara tsawo da ƙarfi a rana ɗaya. Sai mako na biyar ko na shida a fara tashin tsere da gajerun gudu masu zafi, domin tashi daga tsaye, jirgi bai motsa ba, shi ne nauyi mafi girma da kafaɗa ke ɗauka a wannan wasa. Kowace fita ta fara da minti 10 na tuƙi mai laushi. Babu abin da ake asara da wannan haƙurin, tunda manyan tseren nesa suna can ƙarshen kaka: na tsibirin Catalina a Kalifoniya a Satumba, Molokai Hoe kuma, mai mil 41 daga tsibirin Molokai zuwa Waikiki a Hawai, wanda aka fara a 1952, a Oktoba.

Ka koyi bambance ciwo da ciwo. Tsamin jiki da ke tasowa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya kama ɓangarorin jiki biyu daidai, ya kuma ragu in ka motsa, wannan na dawowa ne, zai wuce. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne mai suka a wuri ɗaya: gaban kafaɗa in ka ɗaga hannu zuwa gefe, ko wanda ke hana ka kwanciya a kan wannan kafaɗar da dare, ko wuri guda a haƙarƙari da ke amsawa in ka yi tari, ko ciwon ƙugu da ke sauka ƙafa. Ka gaya wa koci a ranar, ka huta, in ya wuce mako bai sauka ba ka ga likita. Kantar hannu ta tafi da hunturu, bororo zai zo. Ka naɗe wurin da filasta tun yana ja kafin ya tashi, in ya fashe ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu bayan kowace fita, domin rauni a ruwan teku yana saurin ɗaukar ƙwayar cuta. Mazaunai ma sai sun sake sabawa: siririn abin shimfiɗa a kujera da man hana gogayya sun isa. Mai kauri yana ɗaga ka sama ya rage wa jirgi daidaito.

A 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin dawowarku. In kana azumi, kyaftin ya sani kafin a tashi. Ka tsaya a tuƙi mai laushi, ka zaɓi fitar da ta fi kusa da buɗa baki, ka bar masu zafi sai bayan salla. Jikin da babu abinci a cikinsa ya fi saurin jin sanyi, jiri a jirgi kuma matsalar mutum shida ce.

Game da tsoron zama kaya, ka je wa koci da gaskiya tun ranar farko: wata huɗu ban yi komai ba. Da wannan zai san inda zai zaunar da kai. Kada ka nemi kujera ta ɗaya yanzu ko da ita ka riƙe bara, domin mai ita ba ya samun sassauci ko na bugu ɗaya. In gajiya ta kama ka a tsakiyar gida, rage ƙarfin ja amma kada ka fita daga bugu: filafili ya shiga tare da na kowa, ya fita tare da na kowa. In ya zama dole ka tsaya gaba ɗaya, faɗa da murya, ka shigo da filafili ciki, ka karkata hagu har kyaftin ya ba da umarni.